Yadda ake kallon kokawar macizai maza a daji ba tare da an jawo wa kai sara ba

Duk shekara sai an turo irin bidiyon nan a WhatsApp: macizai biyu sun nannaɗe juna kamar tufkar igiya, sun ɗaga kawunansu sama suna ture-ture, a ƙasa kuma an rubuta "macizai na barbara". Sau da yawa ba barbara ba ce. Maza ne guda biyu suke kokawa a kan mace, ita kuwa tana kwance a wani wuri kusa, mai ɗaukar hoton bai ma san da ita ba. Abin da ya fi sosa min rai shi ne yadda irin bidiyon ke ƙarewa. Kafin a ga wanda ya yi kaye, wani ya iso da sanda ko fartanya, shi ke nan. An kashe dabbobi biyu, an kuma yi asarar ganin abin da mutum kan shekara da shekaru yana yawon daji bai dace da shi ba.

Ga yadda ake bi a ga wannan kokawa tun daga farkonta har ƙarshe, a fahimce ta, a kuma koma gida lafiya.

Mataki na farko: ka san abin da kake nema

In lokacin barbara ya zo, fatar macijiya takan fitar da wani sinadari mai ƙamshi da take bari a duk inda ta ja ciki. Namiji da harshensa yake bin sawun. Zaro harshen nan da yake yi, ɗebo ƙamshi yake yana kai wa wata gaɓa da ke cikin gandarsa, ita ce ke gaya masa wace ce ta wuce da kuma inda ta nufa. To, ba shi kaɗai ke bi ba. Inda maza biyu suka haɗu a kan sawu guda, nan ake ja daga.

Wanda ya taɓa zama a filin kokawar gargajiya zai gane tsarin nan take. Kowanne yakan ɗaga gaban jikinsa, su sarƙe, kowa na neman ya ɗora kansa bisa na ɗan'uwansa ya danne shi ƙasa. Sai su yi ta miƙewa suna tangaɗi har nauyi ya rinjaye su, su zube tare, su sake tashi. Wani karon mintuna kaɗan ne, wani kuma ya haura awa guda. Abin mamakin shi ne masu dafi galibi ba sa saran juna a wannan faɗa, duk da makamin yana bakinsu. Ƙarfi da juriya ake gwadawa. Wanda ya gaji sai ya warware jikinsa ya tsere. A dangin mesa da wasu marasa dafi ne aka fi ganin cizo har da rauni.

Ba kowane irin maciji ke wannan ba. A 1978 wani masani ɗan Ostireliya, Richard Shine, ya tattara bayanan macizai iri-iri, ya nuna cewa a yawancinsu mace ce ta fi girma, amma a nau'ikan da mazansu ke kokawa, namiji kan kai macen ko ya fi ta. Dalilin a fili yake: inda ƙato ke yin kaye, 'ya'yan ƙato ne ke yawaita.

Daga cikin namu na gida, kasa na cikin waɗanda aka tabbatar da kokawar mazansu, kuma mutumin Arewa ko na kudancin Nijar na iya cin karo da ita. A gabashi da kudancin Afirka baƙar mamba, wata doguwar macijiya mai dafi, ita ce ta yi suna, faɗanta na da tsayi da sauri har yakan ba da tsoro. A Turai akwai wata 'yar ƙaramar mai dafi da mazanta ke fafatawa a watannin Afrilu da Mayu bayan sun fito daga kwanciyar sanyi, Turawan Ingila har suna kiran abin rawa. A Indiya ana ganinsa wajen sarkin gamsheƙa da kuma wani dogon maciji mai cin ɓeraye, wanda can ma mutane kan ɗauka barbara yake yi. A Amurka kuwa masu ƙararrawa a wutsiya ne.

Mataki na biyu: ka koyi raba kokawa da abin da ya yi kama da ita

Nan ne mafi yawan mutane ke kuskure, don haka zan ɗan daɗe a kai.

Fara da kawunan. A kokawa duka biyun a sama suke, ko kuwa suna ta ƙoƙarin hawa sama, kowa na neman ya fi. A barbara kawunan a ƙasa suke. Namiji kan bi bayan macen a hankali yana goga mata haɓa, yana yawan zaro harshe, jikinsa na ɗan karkarwa, ita kuwa tana kwance ko tana jan jiki sannu-sannu. Aikin duk a wajen wutsiya yake: zai zagaya tasa ƙarƙashin tata har su haɗu, daga nan sai su kwanta kusan shiru, wani lokaci na tsawon sa'o'i. Barbara ba ta da hayaniya. In ka ga ƙura na tashi, ciyawa na kwantawa, ana faɗuwa ana tashi, to kokawa ce.

Sai girma da ƙira. Masu kokawa galibi kusan sa'o'in juna ne, domin in tazarar ta yi yawa ƙaramin ba ya ma tsayawa. Dubi wutsiya in kana da abin hangen nesa. Ta namiji ta fi tsawo, kuma gindinta da kauri, saboda a nan al'aurarsa guda biyu ke ɓoye. Ta mace gajera ce, tana tsukewa da wuri. A jikin kasa wannan bambanci a bayyane yake ƙwarai, da zarar ka ga biyu ko uku idonka zai saba.

Akwai abu na uku da ke ruɗa mutane, wato farauta. Gamsheƙa na cin macizai, har da kasa, wani lokaci har da 'yan'uwanta. In ka ga iri biyu daban sun sarƙe, ko ɗaya ya kafa haƙori a jikin ɗaya ya ƙi saki, ko yana lalubo kai don ya fara haɗiya, wannan cin abinci ne. Shi ma abin kallo ne, amma kada ka rubuta shi a matsayin kokawa.

Wani ɗan ƙarin bayani da nake jin daɗinsa: wani mai bincike a Amurka, Gordon Schuett, ya yi aiki a kan wani maciji mai jan kai na can, ya gano cewa namijin da aka kayar yakan karaya har ya kasa neman mace na wani lokaci, in ma an sake haɗa shi da wani sai ya janye. Macen kuwa takan ɗaga kai kamar namiji mai neman faɗa in manemi ya zo mata. Wanda bai daɗe da shan kaye ba sai ya juya ya gudu. Saboda haka ɗaga kai sau ɗaya bai isa hujja ba, sai ka ga abin da ya biyo baya.

Mataki na uku: wuri da lokaci

Ba a sa wa wannan kallo rana. Abin da za ka iya shi ne ka yawaita zuwa inda ya dace a lokacin da ya dace.

Fara da tambaya. Makiyaya, mafarauta, mata masu itace da manoman fadama sun fi kowane littafi sanin inda macizan yankinsu ke zama. Kada ka tambaye su kokawa, ka ce, "Baba, a wane wata aka fi ganin kasa biyu tare, ko ana yawan take su a hanya?" Maza kan bar mafakarsu su yi ta yawo in suna neman mace, shi ya sa yawaitar ganinsu suna tsallaka hanya alama ce mai ƙarfi cewa lokacin ya yi. A ƙasarmu zirga-zirgar macizai na ƙaruwa daga saukar ruwan farko, ta kuma sake tashi da kaka, lokacin da ɓeraye suka cika gonaki.

Maciji ba ya ɗumama jikinsa da kansa, da rana yake dogara. Da hantsi za ka same shi yana shan ɗumi a bakin mafakarsa, in rana ta take ya shige inuwa, da la'asar sakaliya ya sake motsawa. Waɗannan lokuta biyu su ne naka. Kasa ta fi yawo da dare, amma ban yarda kowa ya bi ta da tocila ba. Da dare ne kububuwa ke fitowa, ga ta ƙarama, ga launin ƙasa, kana kallon gaba tana ƙarƙashin ƙafarka.

Wuraren dubawa su ne tsohon suri mai ramuka, gindin duwatsu, bakin fadama, iyakar gona da daji, da busasshen rafi mai yashi. Yashin nan shi ne allonka. Kasa tafiyar miƙe take yi kamar tsutsa, sawunta faffaɗan layi ne ɗoɗar, sau da yawa da siririn zane a tsakiya inda wutsiya ta ja. Na gamsheƙa lanƙwashe-lanƙwashe ne. In ka ga sawu biyu ko uku iri ɗaya sun bi hanya guda da safe, kafin iska da dabbobi su share, akwai yiwuwar maza ne ke bin mace. Inda aka yi kokawa kuwa za ka ga wurin a birkice, kamar an ja buhu an yi ta juya shi.

In a gandun daji ne kamar Yankari a Bauchi ko Gashaka-Gumti da ya ratsa Taraba da Adamawa, ba a shiga sai da izini da ma'aikacin gandun, kuma hakan alheri ne gare ka, don sun san wuraren. Ko ina ne kuma, ka fara tambayar halin tsaron dajin kafin ka sa ƙafa.

Mataki na huɗu: shiri

Dogon takalmin roba irin na masu aikin fadama, da wando mai kauri sakakke da ya rufe shi. Silifa ba ta zuwa wannan tafiya. Doguwar sanda ta buga ciyawa a gabanka, ba ta taɓa maciji ba. Tabarau, ko da na rana ne, saboda gamsheƙa mai tsartuwa tana iya watso dafi tazarar mita biyu ko fiye, kuma ido take nema. Ruwa mai yawa, na sha da na wanke ido. Madubin hangen nesa in da hali, waya cike da caji, littafi da biro.

Ku tafi ku biyu, kada ku wuce uku. Ɗaya na kallon macizai, ɗaya na kallon ƙasa. Ku bar yara a gida, ku bar kare. Kare zai yi haushi ya ɓata komai, ko ya kutsa a sare shi. Kada ma ka dogara da hancinsa: wani bincike da aka yi a Jami'ar Witwatersrand ta Afirka ta Kudu, aka buga a 2015, ya nuna cewa karnukan da aka horar ma sun kasa gano ƙamshin kasa.

Kafin ku fita, ku san asibitin da ke da allurar kashe dafi mafi kusa, da abin hawan da zai kai ku. Ba kowane asibiti ke ajiye ta ba. Mutanen Gombe da kewaye suna da asibitin masu saran maciji na Kaltungo, sauran wurare sai an tambaya tun da wuri.

Mataki na biyar: in Allah ya sa ka dace

Tsaya cak. Kafin ka ɗaga waya, dubi ƙafafunka, dubi dama da hagu, dubi bayanka. Ka tuna faɗan a kan mace ake yi, kuma tana iya kasancewa 'yan taku kaɗan daga inda kake. Ana yi wa kasa kirari da barci, amma kwanciyar nan tata ɓuya ce. Ba ta gudu in ta ji tafiya, sai ta lafe, launinta ya saje da busassun ganye, saranta kuwa ƙiftawar ido ne. Macijin da ya fi zama haɗari gare ka a wurin nan shi ne na ukun da ba ka gani ba.

Ka ba su aƙalla mita goma, wato kamar taku goma sha biyar. In dogaye ne masu sauri irin gamsheƙa ko mamba, ninka. Masu kokawa ba sa zama wuri ɗaya, suna mirginawa, kuma hankalinsu ya tafi ga juna har sukan zo gab da mutum ba su lura ba. Wannan shi ke yaudarar masu kallo su matso. Kada ka matsa. In wurin gangare ne, tsaya ta sama, don in sun zube ƙasa za su gangaro. Ka tabbata bayanka fili ne da za ka iya ja da baya ba tare da ka shiga ciyawa ba, kuma kada ka tsaya tsakaninsu da suri ko duhuwar da ke kusa. Wanda aka kayar can zai nufa a guje, ba zai tsaya duba wanda ke hanya ba.

Maciji ba shi da kunne a waje, amma yana jin girgizar ƙasa ta haɓarsa, yana kuma ganin motsi sarai. Kada ka buga ƙafa, kada ka yi ta kai-komo, kada inuwarka ta faɗa kansu. Magana ƙasa-ƙasa ba ta da laifi. In sun nufo ka, ja da baya a hankali kana duban inda kake takawa. In ɗaya ya bar abokin karawarsa ya juyo gare ka yana huci ko ya fasa kai, ka yi kusa da yawa, kallo ya ƙare.

Jifa, tsokana da sanda don su "ƙara zafi", ko ƙoƙarin raba su, duk babu. Ba sa buƙatar alƙali.

Abu mafi wuya shi ne jama'a. Da an hango ka tsaye kana kallon wuri ɗaya za a taru, kuma wani zai zo da makami. Kada ka yi musu da kowa a kan ko maciji abokin gaba ne, mai yiwuwa wanda kake gaya wa ya binne ɗan'uwa saboda sara. Nemi babba a cikinsu ka ce, "Baba, don Allah a dakata mana kaɗan, a ja yara baya. Kokawa suke, in sun gama za su tafi." Mutanenmu na son kokawa. Da zarar sun gane abin da ake yi, sau da yawa za ka ji an fara zaɓen gwani. Ka kuma tuna musu cewa mutane da dama wajen ƙoƙarin kisa ne ake sararsu, balle ga macizai biyu a fusace da ta uku a ɓoye. In kuwa a cikin gida ne ko bakin makaranta, maganar ta sauya: a kwashe yara da dabbobi, a bar wa macizan hanyar fita, a kira wanda ya san aikin kama su.

Mataki na shida: ka rubuta abin da ka gani

Yawancin abin da aka rubuta kan wannan ɗabi'a daga Amurka, Turai, Ostireliya da kudancin Afirka ya fito. Na yankinmu kaɗan ne. Saboda haka bidiyo mai kyau guda ɗaya daga Zamfara ko Damagaram, da kwanan wata da wuri, yana da daraja wajen masana fiye da yadda kake zato.

Riƙe wayar a kwance, ka jingina gwiwar hannu a jikinka ko a kan sanda. Kada ka yi ta yankewa, dogon ɗauka guda ya fi guntaye goma. Fara da faɗin wurin don a ga irin dajin, sannan ka jawo hoton da wayar, ba da ƙafarka ba. Faɗi kwanan wata da lokaci a cikin bidiyon.

Abokin tafiyarka kuma ya riƙe littafi. Tun farko ku sa wa kowanne suna bisa wata alama, misali Baƙi da Ja, ko Mai Tabo da Dogo, in ba haka ba bayan faɗuwa biyu ba za ku san wane ne wane ba. Ya rubuta lokacin da kuka fara gani da lokacin da aka rabu, sau nawa aka zube da wanda ke sama a kowane karo, ko an yi cizo, ko an huta an sake komawa, wa ya gudu kuma ina ya nufa, ko mai nasara ya bi shi. Ya ƙara da yanayin gari: rana ko hadari, yaushe aka yi ruwan ƙarshe. Tsawonsu kuwa kada ku ƙiyasta da ido, tsoro na ƙara wa maciji tsawo. Ku lura da wani dutse ko icce da suka miƙe kusa da shi a bidiyon, in wurin ya zama lafiya daga baya ku auna shi.

Wajen yaɗawa ka yi hattara. Manhajar iNaturalist na karɓar hotunan dabbobi, masana na taimakawa wajen tantance iri, kuma tana da zaɓin ɓoye ainihin wurin. Yi amfani da shi. A Facebook ma sunan ƙaramar hukuma ya isa. In ka faɗi surin da gonar, gobe za a je da fetur da ashana.

In tsautsayi ya faɗa

Ku matsa daga wurin tukuna. A kwantar da wanda aka sara, a cire zobe da agogo da duk abin da zai matse in wurin ya kumbura, a ɗaure gaɓar da ƙyalle a jikin sanda sako-sako don kada ta motsa, a ɗauke shi zuwa asibiti. Ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure da roba ko igiya tamau. Dafin kasa na ruɓar da nama, matsewa na ƙara ɓarnar har ta kai ga yanke gaɓa. Na kububuwa kuma hana jini daskarewa yake yi, mutum na iya jin garau yau, jini ya ɓalle masa daga baya, don haka jin sauƙi ba dalilin zama gida ba ne. Kada a ɓata lokaci wajen neman kashe macijin, bidiyon da ke wayarka ya ishi likita. In dafi ne ya shiga ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na tsawon mintuna, kada a murza, sannan a tafi asibiti.

Mataki na ƙarshe: kada ka yi saurin tafiya, kuma ka dawo

In wanda aka kayar ya tsere, yawancin masu kallo sukan watse, alhali saura rabin labari. Tsaya inda kake ka zuba wa mai nasara ido. Zai ɗan huta, ya fara zaro harshe da sauri yana lalube, sannan ya kama hanya guda. In ka bi shi da madubin hangen nesa, ba da ƙafa ba, sau da yawa shi zai nuna maka inda macen take, ka ga barbarar ta gaskiya da idonka, ka kwatanta da abin da ka gani ɗazu.

Kashegari da hantsi ka koma, da jibi ma. Muddin macen na nan, ƙamshinta na ci gaba da jawo wasu mazan, kuma wanda ya yi kaye jiya yana iya samun sabon abokin karawa. Ka tsaya a wurin da ka tsaya jiya, bayan ka sake duba shi da sanda. Ka rubuta kwanan watan a bangon littafinka, baɗi in makon ya zagayo ka fara leƙa wannan surin kafin ko'ina.